Tantra a Addinin Hindu: Me Masu Bin Ta Suke Nema?

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya san mutumin nan: baƙaƙen kaya, jan shafi a goshi, sarƙar ƙoƙunan kai a wuya, yana zaune da tsakar dare gaban gunkin abar bauta Kali yana watsa gari a wuta don ya halaka wani. A Indiya ana ce wa irinsa tantrik, kuma a bakin mutanen gari yau kusan boka ake nufi. Wanda kuma ya nemi Tantra a intanet, abin da zai fara cin karo da shi Turawa ne masu tallar darussan gyaran shimfiɗar ma'aurata. Kowanne daga cikin biyun yana da ɗan inda ya samo tushe, amma an yi wa Tantra kuɗin goro ne da abu kaɗan daga cikinta. Hanya ce ta bauta da horon rai wadda ta kai shekara 1,500, ta bar ɗaruruwan littattafai da harshen Sanskrit, kuma yawancin hidimar da ake yi yau a manyan haikalan Hindu, musamman a kudancin Indiya, bisa ƙa'idojinta take tafiya.

Sai an san matsalar da addinin Hindu ke neman warwarewa kafin a gane abin da Tantra ta zo da shi. A aƙidarsu rai ba sau ɗaya yake zuwa duniya ba. In ya mutu za a sake haifar sa a wani jiki gwargwadon abin da ya shuka a baya, wato karma, haka zagayen zai yi ta tafiya. Babban burin shi ne a fita daga zagayen kwata-kwata, abin da suke kira moksha ko mukti. Tsohuwar hanyar littattafan Veda tana hannun Brahmanai, wato rukunin malaman addini na gado, kuma mata da 'yan ƙaramin rukunin Shudra ba su da izinin karanta ta. Masu neman tsira da gaske kuwa, galibi gudun duniya aka sani da su: mutum ya bar gida da iyali da dukiya, ya horar da jiki da yunwa, ya ɗauki jin daɗi a matsayin tarko.

Wajen ƙarni na 5 zuwa na 6 miladiyya sai wasu sababbin littattafai suka fara bayyana. Akwai ma rubutun da aka sassaƙa a dutse a Gangdhar, cikin jihar Rajasthan ta yau, mai ɗauke da tarihin 423 ko 424, da ya ambaci haikalin da aka gina wa ababen bauta mata, cike da ruhohin da ake kira dakini. Littattafan nan yawancinsu hira ce tsakanin abin bauta Shiva da matarsa, ita tana tambaya shi yana amsawa. Da'awarsu ita ce zamani ya lalace, mutane sun yi rauni, tsohuwar hanya ta yi musu nisa, ga wata mai sauri da ƙarfi wadda ta dace da su. Da yawa daga cikinsu sun buɗe ƙofa ga mace da ɗan ƙaramin rukuni, muddin malami ya karɓe su. Daga nan rassa suka fito: masu bautar Shiva, masu bautar uwa Shakti a siffofinta irin su Kali da Tara da Tripurasundari, da masu bautar Vishnu da ake kira Pancharatra. Mabiya Buddha ma sun yi tasu, ita ce ta kafu a Tibet, amma wannan wani zance ne.

Ƙashin bayan tunanin shi ne dangantakar Shiva da Shakti. Shiva shi ne sanin da ba ya motsi, hasken da ke shaida komai. Shakti ita ce ƙarfinsa, wanda da shi ake halitta, ake rayawa, ake rusawa. Suna cewa ba a raba su, kamar yadda ba a raba wuta da zafinta, kuma Shiva in babu Shakti gawa ne. Abin da hoton Kali tsaye a kan ƙirjin Shiva yana kwance yake nufi ke nan a wurinsu. To idan duniya ƙarfin abin bauta ce da kansa, ba za a kira ta ruɗin da ake gudu ba. Jiki, numfashi, magana, yunwa, tsoro, sha'awa, duk kayan aiki ne. Suna da karin magana a kan haka: wanda ya faɗi a ƙasa, ƙasar zai dafa ya tashi. A ganina duk wani abu da ke cikin Tantra, mai kyan gani da mai ban ƙyama, daga wannan tunani ɗaya ya tsiro.

A Kashmir aka kai wannan tunani ƙololuwa. Daga Vasugupta a ƙarni na 9, zuwa Utpaladeva, zuwa Abhinavagupta wanda ya rayu wajen shekara ta 1000, malaman can sun gina falsafa mai cewa babu komai sai sani guda ɗaya, kuma shi ne ya taƙaita kansa da ganin damarsa ya zama ni da kai da dutse da kogi. Saboda haka tsira ba wani wuri ba ne da za a je bayan mutuwa. Ganewa ce. Utpaladeva ya buga misali da budurwar da ta kamu da son wani saboda labarin halayensa da take ji, sai ga shi ya zo ya tsaya a gabanta, amma ba ta ji komai ba don ba ta san shi ne ba. Ranar da aka ce mata ai shi ne wannan, ba abin da ya canja a jikinsa, amma ita komai ya canja mata. Haka rai yake da Shiva, in ji su. Wanda ya kai ga wannan ganewa ya tsira yana raye, yana cin abinci, yana zuwa kasuwa. Abhinavagupta ya tattara duka tsarin a babban littafinsa Tantraloka mai babi 37, kuma shi ɗin dai masani ne a kan waƙa da wasan kwaikwayo, wanda har yau ake karanta sharhinsa a wannan fage. Mai karatu Musulmi zai ga nan take cewa wannan aƙida ta yi hannun riga da tauhidi, inda Mahalicci daban halitta daban. Ko a cikin Tantra kanta ba kowa ya yarda da 'yan Kashmir ba.

Mazhabar Shaiva Siddhanta, wadda ta fi kafuwa a ƙasar Tamil, cewa ta yi Ubangiji daban, rai daban, ɗaurin da ke tsakaninsu daban. Rai yana da wata dauɗa tun asali da ta rufe shi kamar yanar ido. Wanda yana ta rufe wa ido, ko ya haddace littattafan likitanci ba zai gani ba, sai an sa hannu an cire. Wannan cirewar ita ce diksha, bikin shigar da almajiri, kuma suna ganin Shiva ne da kansa yake yin aikin ta hannun malami. Ana zana da'irar bauta a ƙasa da garin launi, a rufe wa almajiri ido, a ba shi fure ya jefa a ciki, a kunna wuta, malami ya yi ta zuba hadaya yana ƙone sakamakon ayyukan da da sai an sake haihuwa sau da yawa kafin a biya su. Daga ranar almajiri ya sami sabon suna da mantra tasa, wato lafazin da zai riƙa maimaitawa. Duk rassan Tantra sun haɗu a kan wannan: babu shiga sai ta hannun malamin da shi ma ya karɓa daga wani. Mantra da aka tsinta a littafi, a wurinsu, matacciya ce.

Mantra kuwa ba addu'ar roƙo ba ce. Sau da yawa gaɓa ɗaya ce marar ma'ana a yaren yau da kullum, irin su hrim, shrim, klim, kuma suna ɗaukar ta a matsayin abin bautar ne da kansa cikin siffar sauti. Mu duba yadda mai wannan hanya yake fara ranarsa. Bayan ya yi wanka zai zauna ya fuskanci gabas ko arewa, ya daidaita numfashi, sannan ya sawwara a ransa cewa wuta ta kama daga babban yatsan ƙafarsa ta cinye jikin nan mai laifi har ya zama toka, iska ta kwashe tokar, wani ruwa mai tsarki ya kwararo daga tsakar kansa. Sai ya shiga gina sabon jiki da sauti. Zai taɓa babban yatsa ya furta gaɓa, ya taɓa manuniya ya furta wata, haka har ƙaramin yatsa, sannan ƙirji, goshi, tsakar kai, kafaɗu, idanu. Wannan shi ne nyasa. Dalilinsa ƙa'ida ce da suke maimaitawa: sai wanda ya zama abin bauta ne zai iya bauta wa abin bauta. Bayan ya gama hidima a cikin zuciyarsa, zai fitar da numfashi a kan furen da ke tafin hannunsa, da nufin abar bautar ta fito daga ƙirjinsa ta hau furen, ya ɗora shi a kan zanen da ke gabansa. Daga nan sai ruwa, turare, fitila, abinci, sai jan carbi mai ƙwaya 108, zagaye bayan zagaye. In ya kammala ya mayar da ita cikin zuciya. Kullum haka, shekara da shekaru. Wannan aiki mai cin lokaci da buƙatar haƙuri shi ne Tantra a rayuwar mafi yawan masu yin ta.

Zanen da ake ɗora furen a kai shi ne yantra. Mafi shahara shi ne Shri Yantra na mabiya Shri Vidya: alwatika tara da suka sarƙe da juna, huɗu suna kallon sama, biyar suna kallon ƙasa, suka haifar da ƙananan alwatika 43, da ɗigo ɗaya a tsakiya. Daga ɗigon zuwa waje taswirar yadda halitta ta bazu ce. Mai bauta yana bin ta daga waje zuwa ciki, mataki-mataki, har ya koma inda aka fito.

Irin wannan taswira suke gani a cikin jikin mutum. Suna cewa akwai hanyoyin da ƙarfin rai ke bi, manyansu uku: ida a hagu, pingala a dama, sushumna a tsakiya daidai ƙashin baya. A gindin ƙashin bayan Shakti tana kwance a naɗe kamar macijiya mai barci, ita ce kundalini. Da riƙe numfashi da mantra da tattara hankali ake tashin ta, ta hau tana ratsa cibiyoyin da ake kira chakra, har ta sadu da Shiva a tsakar kai. Daga wannan reshe, ta hannun mabiya Gorakhnath, yogar motsa jiki da ta cika duniya yau ta samo jijiyarta. Tsofaffin littattafai ba su haɗu a kan adadin cibiyoyin ba, kowace mazhaba da nata lissafin. Tsarin cibiyoyi shida da ta bakwai a sama ya yi fice ne saboda wani littafi da Purnananda ya rubuta a Bengal a 1577, wanda wani alƙalin Ingila ya fassara a 1919. Launukan bakan gizo da ake liƙa musu a hotunan zamani kuwa ƙarin Turawa ne na baya-bayan nan.

Ba tsira kaɗai Tantra ta yi alkawari ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Littattafan suna faɗa ƙarara cewa hanyarsu tana ba da abu biyu, mukti da bhukti, wato tsira da kuma jin daɗi da iko a nan duniya. Akwai almajirin da ke neman fita daga zagayen haihuwa, akwai kuma wanda ke neman siddhi, wato baiwar da ta wuce ta mutane: sanin abin da ke zuciyar wani, tsawon rai, nasara a kan maƙiyi. Wannan ne ya ja sarakuna. Tsawon ƙarnoni sarakunan Indiya suna karɓar diksha, suna ba malamansu filaye, malaman kuma suna yi musu hidimar kare mulki da cin yaƙi. Babban haikalin Thanjavur da Rajaraja na daular Chola ya kammala a 1010 yana hannun malaman Shaiva Siddhanta ne. Abin ya ƙetare teku: wani rubutun dutse na 1052 a daular Khmer, yankin Kambodiya da Thailand na yau, ya ba da labarin yadda wani Brahmani ya yi wa sarki Jayavarman na biyu hidima da littattafan Tantra domin ƙasarsa ta tsaya da ƙafarta. Akwai kuma littattafan da suka jera ayyuka shida, daga kwantar da cuta zuwa mallake mutum, daskarar da shi, raba masoya, korar abokin gaba daga gari, har kisa. Masu son wanke Tantra tas sukan tsallake wannan shafi, alhali yana nan a rubuce, kuma bokan fim daga nan aka ciro shi.

Sai maganar da ta fi tayar da ƙura, wato hanyar hagu. Mabiya hanyar dama suna kiyaye tsarki irin na Brahmanai, ba nama ba giya. Amma tun farko akwai ƙungiyoyin da ke zama a wuraren ƙona gawa, suna shafa toka, suna cin abinci a ƙoƙon kan mutum, suna neman yardar ruhohi mata masu haɗari da ake kira yogini. A Hirapur, kusa da Bhubaneswar a jihar Odisha, har yau akwai ɗan ƙaramin haikali zagayayye marar rufi, na wajen ƙarni na 9, da aka gina wa yogini 64, gumakansu a jere cikin ramukan bango, kowacce a tsaye kan dabba ko wani abin hawa. Daga irin wannan tushe mazhabar Kaula ta fito da hidimar abubuwa biyar: giya, nama, kifi, gasasshen hatsi, da saduwa.

Me ya sa waɗannan? Domin su ne abubuwan da Brahmani ya fi ƙyama. Mutumin da rayuwarsa duka a kan tsoron ƙazanta aka gina ta, wanda ko inuwar wani rukuni ba ya so ta taɓa shi, in har ya ce komai Shiva ne to ga gwaji. Malaman Kashmir sun ce wannan ɗar-ɗar ɗin da kansa shi ne sarƙar. Saboda haka ana yin abin a asirce, cikin da'irar waɗanda aka shigar, da mantra a kowane mataki, kuma littattafan sun yi kashedi cewa wanda ya sha don maye ko ya kusanci mace don sha'awa dabba ne, azaba ce makomarsa. Abhinavagupta ya keɓe wa wannan hidima babi na 29 ne kawai cikin 37, ya kuma ce ta ƙalilan ce. Da tafiya ta yi tafiya yawancin mazhabobi suka musanya abubuwan da wasu: ruwan kwakwa ko madara a madadin giya, furanni biyu da aka haɗa a madadin saduwa. Ramakrishna, mai hidimar Kali a Dakshineswar kusa da Kalkata, ya yi horon Tantra a hannun wata malama daga 1861, amma daga baya ya riƙa gaya wa almajiransa cewa hanyar hagu kamar shiga gida ce ta ƙofar masai: za a iya shiga, sai dai ga ƙofar gaba a buɗe.

A nan akwai abin da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Littattafan sun ɗaukaka mace, sun hana a wulaƙanta ta, wasu sun yarda ta zama malama mai shigar da almajirai. A haikalin Kamakhya da ke kan dutsen Nilachal a Guwahati ta jihar Assam babu gunki a cikin ɗakin tsakiya, sai wani tsagin dutse da ruwan marmaro ke jiƙawa, ana sauka gare shi ta matakala cikin duhu, kuma duk watan Yuni ana rufe haikalin kwana uku da cewa uwar tana al'ada, sannan a buɗe a raba wa dubban mahajjata guntayen jan ƙyalle. Al'ummar da ke ɗaukar jinin al'ada ƙazanta, ga shi tana girmama shi. Duk da haka maza ne suka rubuta kusan dukkan littattafan, maza suke wa magana, kuma macen da ake kawowa da'irar sau da yawa 'yar ƙaramin rukuni ce wadda ba a tambayi abin da ita za ta samu ba. Girmama abar bauta mace bai taɓa zama tabbacin adalci ga matan da ke raye ba, kuma malamin da ba a yi masa musu, ga asiri, ga alkawarin baiwa, haɗuwa ce da ke ba mugu dama.

Yadda sunan ya ɓaci a idon duniya kuwa tarihinsa ba shi da tsawo. Masanan Turai da 'yan mishan na ƙarni na 19 sun ɗauki Tantra a matsayin mafi ƙasƙancin lalacewar addinin Hindu, 'yan bokon Indiya masu neman gyara su ma suka juya mata baya don kunya. John Woodroffe, alƙali a babbar kotun Kalkata, shi ne wanda ya yi fassarar nan ta 1919 da sunan aro Arthur Avalon, ya tashi kare ta, amma garin karewa ya fifita falsafar ya rage kaifin sauran. A Amurka Pierre Bernard ya kafa ƙungiya da sunan Tantra a farkon ƙarni na 20, sannan Rajneesh, wanda ya buɗe zaurensa a birnin Pune na Indiya a 1974, ya haɗa ta da koyarwar sakin sha'awa da ta yi wa matasan Turawa daɗi. Abin da ya fito daga nan babu diksha, babu mantra, babu abin bauta. A cikin Indiya kuma 'yan damfara masu kiran kansu tantrik sun ci gaba da cin kuɗin matan da ke neman haihuwa da iyalan marasa lafiya, wani lokaci har da asarar rai. Likita Narendra Dabholkar ya shafe shekaru yana neman a yi dokar hana wannan a jihar Maharashtra. An harbe shi a Pune ranar 20 ga Agusta 2013, kuma a shekarar aka kafa dokar.

Amma Tantra ta asali ba ta ɓace ba, ta narke ne cikin addinin har aka daina kiran ta da sunanta. A Kerala babban malamin da ke da hurumin kafa gunki da yanke hukunci kan hidimar haikali tantri ake ce masa, kuma muƙami ne na gado mai daraja, har a haikalin Sabarimala da miliyoyi ke ziyarta duk shekara. Brahmanan kudu masu tsananin kiyaye tsarki suna bautar Shri Yantra a gidajensu. A Kashmir Swami Lakshman Joo ya ci gaba da koyar da littattafan Abhinavagupta har rasuwarsa a 1991. Tun daga 1970 kuma wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Nepal da Jamus ya ɗauki hotunan dubun dubatar tsofaffin rubuce-rubucen hannu a Kathmandu, inda sanyin yanayi ya adana ganyayen da aka yi rubutu a kansu, irin waɗanda suka ruɓe a Indiya, ciki har da littattafan Tantra mafiya tsufa da aka sani. Da yawansu har yanzu ba a buga su ba, balle a fassara. Waɗanda masana suka karanta, mafi yawan shafukansu bayani ne a kan yadda ake shigar da almajiri, yadda ake haƙa ramin wutar hadaya, wace mantra ake furtawa a kan wane yatsa, da irin ƙasar da ta dace a gina haikali a kanta.